Matakala Goma Sha Bakwai

Matakala goma sha bakwai na ƙirga,
gwiwata ta hagu tana ƙirgawa tare da ni.
A sama Glasgow na zubar da ruwanta na kullum,
a ƙasa wani yaro mai zobe a hanci
ya karɓi fam takwas,
ya buga mini tambari a bayan hannu,
shuɗin kifi, sai ka ce kayan kanti.

Ɗakin bai fi bas biyu a jere ba.
Ni na san girman bas, shekara talatin ina jan ta.
Rufi na gumi,
daɓe na kama takalmi da giyar da ta zube tun bara.
Bango kuwa takarda kan takarda,
sunayen makaɗan da suka taso suka watse
ba wanda ya yi musu zaman makoki.

Mu ashirin da uku ne, har da mai sayar da giya,
har da Fergus mai kula da sauti,
wanda ke cin soyayyen dankali a kan maɓallansa.
Na raɓe jikin ginshiƙi da rigar ruwata,
baƙon da ba a gayyata ba.

Na cusa auduga a kunne.
Shekara shida ke nan kunnen a toshe,
tun ranar da Rhona ta shigo da ganguna gida
na ce, wannan ba sana'a ba ce, ciwon kai ne.
Ba ta tanka ba. Ta kwashe su.
Bayan wata uku ta dawo ta kwashe sauran kayanta.

Sai ga su.
Mai waƙar siriri kamar tsinken tsintsiya,
jitarsa ta sha ɗinki da salatif.
Wata mai koren gashi na murɗa kunnen tata jitar.
Can baya, inda haske bai kai ba,
'yata ta ɗaga sanduna, ta haɗa su sau huɗu,
ɗakin ya tsage.

Ban ji da kunne ba, da haƙarƙari na ji.
Maɓallan rigata na rawa,
wani ƙato ya taka mini ƙafa, ya rungume ni don ban haƙuri.
Ban tsinci kalma ɗaya a waƙar ba.

Ana tsakiyar ta uku, ɗif, wuta ta ɗauke.
Jita ta mutu a hannun mai ita,
lasifika ta haɗiye harshenta,
Fergus ya zunduma ashar a cikin duhu.
Ganga dai ba ta san wuta ba.
Rhona ta ci gaba.

Tas, tib. Tas, tib-tib.
Na zare audugar.
Ai na san wannan bugun!
Na magogin gilashi ne a bas ta safe,
lokacin tana 'yar shekara bakwai, hutun makaranta,
a kujerar bayana, fensir biyu a hannu,
tana dukan ƙarfe, ina cewa, bari, kina damun fasinja.
Ashe tun can take magana,
ni ne ban iya yaren ba.

Wayoyi suka kunna fitilunsu ɗaya bayan ɗaya.
Siririn ya ɗauki waƙar da zallar murya,
mutum ashirin suka amsa,
ni kuma da ban san baitin ba na ba da tafi,
a karkace, a makare, amma na bayar.

Da aka tashi ta same ni jikin ginshiƙi,
gashi a jiƙe, yatsa ɗaya na jini.
Ta dubi audugar da ke tafina, ta dubi fuskata.
Na buɗe baki, maganar shekara shida ta maƙale.
Ta ce, Baba, kama nan,
ta miƙo mini hannun akwatin babbar gangar.

Goma sha bakwai muka hau, tana gaba ina baya,
gwiwar ba ta ce uffan ba.

Yau da asuba na riƙe sitiyari,
ruwa na sauka, magogi na kaiwa da komowa.
Kifin na nan a bayan hannuna.
Na wanke fuska, na wanke kofi,
shi na kewaye shi da sabulu.